Dariyar Saratu Da Dariyar Ba'a

Ko a cikinku akwai wadda ta san ma'anar sunan nan Isiyaku, wanda Kirista su ke kira Ishaku? Da Ibrananci ma'anarsa dariya. Ga yadda labarin ya zo cikin littafin Farawa, watau littafi na fari cikin Littafi Mai Tsarki na Kirista. Baƙi uku suka sauka wa Annabi Ibrahim da tsakar rana, ya sa aka yanka maraƙi, Saratu ta toya gurasa. Ana cikin haka sai aka ce masa baɗi war haka matarsa za ta haifi ɗa namiji. Saratu kuwa tana bakin ƙofa tana sauraro, kamar dai yadda mu kan laɓe bayan asabari in maigida ya yi baƙi. Ga ta tsohuwa tukuf, tana wajen shekara 90, mijinta yana neman 100. Sai dariya ta kuɓuce mata. Da aka tambayi dalili, tsoro ya kama ta, ta ce ita ba ta yi dariya ba. Aka ce mata ai kuwa ta yi. Ba a hore ta ba. Shekara na kewayowa ta haihu, aka raɗa wa yaron sunan da zai riƙa tuna wa kowa dariyar nan. Musulmi ma sun san ta, gama ta zo cikin suratu Hudu.

Abin da ya sa na ɗauko zancen nan, ni dangin mahaifiyata Kirista ne na ƙasar Zazzau, dangin mahaifina kuwa Musulmi. Na ci naman layya a nan, na ci shinkafar Kirsimeti a can, na kuma ji irin dariyar da a ke yi a gidajen biyu. Na lura wadansu suna tsammani addini da dariya ba su taɓa zama inuwa ɗaya. Wadansu kuwa sun ga Kirista suna raha da fastonsu, sai su ɗauka ba su da iyaka, kowa ma ya iya faɗin abin da ya ga dama a kan addininsu. Ga shi kuwa maƙwabtanmu ne, 'ya'yanmu da nasu ɗakin kwana ɗaya su ke a makaranta. Ya kamata mu san inda wasan ya ke da inda ya tsaya.

Wanda ya karanta littafinsu, ga shi ma akwai shi cikakke da Hausa tun 1932, aikin Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa, zai tarar da gatse a wurare da dama. Annabi Iliya ya tara annabawan gunki Ba'al su 450 a kan dutsen Karmel. Tun safe su ke kira har rana ta take tsaka, shiru. Sai ya ce musu su ƙara ɗaga murya, watakila gunkin ya yi tafiya, ko barci ya kwashe shi. Akwai kuma Bal'amu, wanda a ke biya kuɗi don ya ga abin da ke ɓoye, amma jakarsa ta riga shi ganin mala'ika a kan hanya har sau uku. Annabi Isa kansa, wanda su ke kira Yesu Almasihu, ya kan zana wa masu sauraro hoton da ba su mantawa. Ya ba da misalin mutum da gungumen itace a idonsa, yana ta ƙoƙarin cire ɗan haki daga idon ɗan'uwansa. Ya kuma kwatanta malaman da su ke tace ƙwaro daga abin shansu, sa'an nan su haɗiye raƙumi. Mu ma ai mun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani.

Duk da haka manyansu na dā sun daɗe suna gardama a kan dariya. Wani babban mai wa'azi, Yohanna da a ke yi wa laƙabi da Mai Bakin Zinariya, wanda ya rasu a 407, ya ce Linjila ta nuna Almasihu yana kuka, amma ba inda ta nuna shi yana dariya. Bayansa Benedik na ƙasar Italiya ya rubuta ƙa'idodin masu zuhudu cikin ƙarni na 6, ya gargaɗe su kada su zama masu saurin dariya ko ƙyaƙyatawa. Tsoron da su ke ji shi ne kada zuciya ta shagala, kuma ba wanda zai ce ba su da hujja.

Amma talakawa ba su bar dariyar ba, har cikin labarun waliyyansu sun sa ta. Ku ji na Lorens, wanda ke riƙe da dukiyar ikilisiyar birnin Rum a 258, zamanin da sarki Baleriyan ke kashe Kirista. Hakimin birni ya ce ya kawo dukiyar. Lorens ya roƙi kwana uku, ya rabar da ita duka, sa'an nan ya tattaro makafi da guragu da gwauraye ya kai su gaban hakimi, ya ce ga dukiyar ikilisiya. Labarin da Kirista su ke bayarwa shi ne an ɗora shi kan ƙarfen gashi, da ya jima sai ya ce wa masu azabtar da shi wannan gefe ya gasu, su juya shi. Har yau 'yan Katolika suna ɗaukarsa waliyyin masu girki da masu ban dariya. Azzalumi yana son ya ga tsoro a fuskar wanda ya kama. In ya ga dariya, ya san akwai abin da hannunsa bai kai ba.

A kudancin Jamus kuma an yi ɗaruruwan shekaru ana wata al'ada da su ke kira dariyar Ista. Bayan kwana 40 na azumi da kame kai, ran idin tashin Almasihu sai fada ya hau mumbari ya yi ta ba da labarun ban dariya, har da kwaikwayon kukan tsuntsaye, jama'a suna ta darawa cikin coci. Ma'anarsu ita ce Shaiɗan ya yi tsammani ya ci nasara, ashe shi aka yi wa dariya. Da wadansu suka wuce gona da iri, har da maganar batsa, wani malami a birnin Basel ya rubuta ɗan littafi a 1518 yana sukar abin. Wasa ko na cikin gida ne, yana da mai tsawatawa.

Na ga irin wannan da idona a ƙauyen su mahaifiyata. Kowace Kirsimeti matan Zumuntar Mata su kan yi wasan kwaikwayo bayan sujada. Ƙanwar mahaifiyata, wadda mu ke kira Inna, ita ce gwanar. Wata shekara ta ari tsohuwar kwat ɗin fasto a hannun matarsa, ta sa tabarau marar gilashi, ta fito tana wa'azi. Ta ce "daga ƙarshe," ta ci gaba. Ta sake cewa "daga ƙarshe," ta ci gaba. Wata kuwa tana gefe tana shinshina iska, wai tuwonta na ƙonewa. Fasto na zaune a gaba, ya yi dariya har da hawaye. Da aka tashi ya ce mata, "Mama, na ji wa'azinki, ya fi nawa gajarta." Ta durƙusa ta ce, "Baba, a yi haƙuri, tukunya ce ta aiko ni." Lahadin da ta biyo an tashi da wuri. A cikin wasan nan kuma sun fito da wani maigida mai ɗaga takardar kuɗi sama kowa ya gani kafin ya sa a kwanon baiko, alhali bai bar ko na daddawa a gida ba. Ba a kama sunan kowa ba, amma na ga maza biyu uku sun sunkuyar da kai. Abin da mace ba ta iya faɗa wa mijinta ko fastonta ido da ido, ta faɗe shi cikin wasa, kuma an ji. Mu Hausawa mun san wannan a wajen 'yan kama, masu kwaikwayon wa'azin malamai da zancen tuwo da miya, malaman kuwa su yi murmushi su ba su sadaka.

To, daga raha sai zambo, watau dariyar da a ke yi wa mai ci da addini. Abin da ya ba ni sha'awa, cikin shahararrun littattafan irin wannan, mace ce ke fara gano maƙaryaci.

Erasmus mutumin Holan ne, fada ne, kuma babban masani. A 1509 ya sauka gidan abokinsa Tomas Mor a Ingila, ya rubuta ɗan littafi mai suna Yabon Wauta, aka buga shi a 1511. Ya mai da Wauta mace, ta hau mumbari tana yabon kanta, tana lissafa bayinta. A cikinsu ta sa masu zuhudun da su ke gardama a kan launin riga da ƙullin igiya, da malaman da su ke ɓata shekaru kan tambayoyin da ba su amfani kowa, da masu kunna wa Maryamu kyandir ba su kwaikwayi halinta ba, har da shugabannin ikilisiya masu son yaƙi. Erasmus ya kare kansa da cewa bai kama sunan kowa ba, hali ya ke suka, wanda ya tsargu shi ya sani. Littafin ya bazu cikin Turai kamar wutar daji. Bayan rasuwarsa, a 1559, hukumar Paparoma ta sa littattafansa cikin jerin waɗanda aka hana karantawa. Shi kuwa har ya mutu bai bar ikilisiyarsa ba.

A Faransa, a 1664, Moliyer ya shirya wasa mai suna Tartuf. Wani attajiri, Orgon, ya ga wani mutum a coci yana addu'a da nishi da sumbatar ƙasa, sai ya ɗauko shi ya ajiye a gidansa. Musa a baki, Fir'auna a zuci. Orgon ya dawo daga tafiya, baranyar gidan, Dorin, ta ce masa uwargida ta kwana da zazzaɓi ba ta ci kome ba. Shi kuwa ba abin da ya ke tambaya sai lafiyar baƙonsa, wanda ya cinye makwarwa biyu da rabin cinyar rago ya yi barci har safe, kuma baƙon ya ke tausaya wa. Ya ƙudura aura masa 'yarsa, ya kori ɗansa, ya rubuta masa gida da dukiya. Da magana ta ƙi ci, matarsa Elmir ta ɓoye shi ƙarƙashin tebur, ta kira mai tsarkin, ya shiga nemanta da lalata, miji na ji da kunnensa. Manyan addini na birnin Faris suka fusata, aka hana wasan, har babban bishop ya ce zai fitar da duk wanda ya kalla daga ikilisiya. Sai a 1669 aka sake shi. Moliyer ya dage cewa masu ibada ta gaskiya ba su ya ke nufi ba, masu jabun ibada ya ke nufi.

Mu dawo gida. A 1960 aka fara nuna wasan Wole Soyinka na Brother Jero a Ibadan. Soyinka kuwa a harabar mishan ta Ake a Abeokuta ya girma, ya san abin daga ciki. Jero annabin ƙarya ne a bakin teku a Ikko, mabiyansa ya ɗauke su kamar masu ciniki. Ya san in bukatar mutum ta biya ba zai dawo ba, saboda haka ya ke barinsu cikin jira. Wata 'yar kasuwa mai kaifin baki, Amope, ta sayar masa da alkyabbar karammiski bashi, ta zo ta kafa zama a ƙofarsa sai ya biya, shi kuwa ya tsere ta taga. Mijinta Chume almajirin Jero ne, ya daɗe yana roƙon izinin dukan matarsa, annabi yana hana shi don ya riƙe shi. Ran da Jero ya gane matar nan ita ce mai binsa bashi, nan take wahayi ya sauya, ya ce a je a dake ta. Mun yi dariya, amma ku duba a jikin wa sandar za ta sauka.

Shi ya sa na ce zancen nan namu ne, mu mata. In mai ci da addini ya shiga gida, ko da kwat ya zo ko da rawani, kuɗin cefane ne ke fara tafiya, sa'an nan 'yan kunne da tukwane, wani lokaci har 'yar gidan. Matar da ta san labarin Tartuf da na Jero ba a cika ruɗarta da kuka da nishi ba. Ta kan duba ta ga me mutumin ya ci, me ya karɓa, wa ya biya.

Ku lura kuma da masu yin zambon nan. Galibinsu 'yan gida ne, mai ɗaki kuwa shi ya san inda ya ke masa yoyo. Desmond Tutu, babban bishop na Afirka ta Kudu, ya sha ba da wani labari a gaban Turawa. Ya ce da 'yan mishan suka zo, su ke da Littafi, mu ke da ƙasa. Suka ce a rufe ido a yi addu'a. Da aka buɗe ido, sai ga Littafi a hannunmu, ƙasa a hannunsu. Ya kan faɗa yana ƙyaƙyata dariya, Turawan ma su dara, ko da ya ke maganar ta soke su. Shi kuwa da Littafin ya yaƙi mulkin wariyar launin fata, yana riƙe da shi har ya rasu a 2021.

Akwai dariya ta uku, ita ce ba'a. A 1857 masu tonon kufai a birnin Rum suka tarar da wani zane a jikin bango, a ginin da a ke tsammani makarantar yaran fadar sarki ce. An yi shi wajen shekara ta 200. Wani ya zana gicciye da mutum mai kan jaki a kai, ga wani yaro a tsaye ya ɗaga hannu, aka rubuta wai Aleksamenos ne ke bauta wa ubangijinsa. Yana cikin zane mafi daɗewa da a ke da su game da gicciyen da Kirista suka gaskata, ga shi kuwa na wulaƙanci ne. Mai zanen bai ga Aleksamenos ya ci amanar kowa ba. Ya dai ga yaro ɗaya da ya bambanta da sauran, ya taɓa abin da ya fi ƙauna don a yi masa dariya. A wani ɗaki kusa da nan an sami wani rubutu da ke cewa Aleksamenos mai aminci ne. Iyakar amsar da aka bayar ke nan.

Sa'ad da na ke koyarwa a wata makarantar 'yan mata ta kwana na ga irin wannan. Wata yarinya 'yar aji ɗaya ta kan durƙusa gefen gadonta da dare ta yi addu'a da 'yar waƙa a hankali. Wata babba ta riƙa kwaikwayonta da muryar akuya, ɗaki ya ɗauki shewa. Yarinyar ba ta kai ƙara ba. Da aka tafi hutu ba ta dawo ba, ta ce wa mahaifinta ta fi son ta zauna gida. Ita ce ta fi kowa lissafi a ajin. Na kuma ji inda aka yi wa 'yar Musulmi haka kan sallarta a makarantar da su ne kaɗan. Mai ba'ar ta manta da abin kafin gari ya waye, amma ta raba wata da karatunta.

Gaskiya ne iyakar nan ba kullum ta ke a fili ba. A 1979 wadansu 'yan wasan Ingila suka yi sinima mai suna Life of Brian, labarin wani mutum da jama'a suka ɗauka Almasihu ne bisa kuskure. Ƙasar Norwe da ta Ayalan suka hana nuna ta na wani lokaci. Masu wasan suka ce makauniyar biyayya su ke suka, ba su taɓa Almasihu ba. Har yau akwai Kiristan da su ke dariya da ita, akwai waɗanda ba su ko son jin sunanta. To, in 'yan gida ma sun saɓa, ina ga baƙo? Mu a nan mun ga abin da magana ke haifarwa. A watan Nuwamba 2002, bayan wata maganar ganganci da ta taɓa addinin Musulunci ta fito cikin wata jarida game da gasar sarauniyar kyau, fiye da mutum 200 suka mutu a Kaduna, Musulmi da Kirista, galibinsu ba su ko ga jaridar ba. Magana zarar bunu ce. Jinin bayin Allah kuwa bai taɓa wanke ta ba, sai dai ya ƙara marayu.

A watan Yuni 2024 Paparoma Faransis, wanda ya rasu a 2025, ya tara masu ban dariya fiye da 100 daga ƙasashe dabam dabam a fadarsa. Ya nuna musu cewa raha ko a sha'anin Allah tana da wuri, irin wadda mutum ke yi da wanda ya ke ƙauna, muddin ba a ci zarafin imanin masu bi ba, musamman talakawa. Mu mun san wannan tun kaka da kakanni. Bakano ya kan tsokani Bazazzagi, Bafillatani da Babarbare su yi ta yi, jika ta kira kakanta mijinta, ba mai fushi, domin akwai zumunci a ƙarƙashi kuma kowa yana da bakin ramawa. Wanda ba abokin wasanka ba, in ka faɗa masa maganar nan, zagi ne.

Saboda haka, 'yan makaranta, kafin ki yi wasa da abin da ya shafi addinin abokiyarki, ki tambayi kanki: in ta ji, za ta dara tare da ke, ko za ta shiga bargo ta yi kuka? Halin mutum ki ke taɓawa, ko abin da ya ke bauta wa? Ku da yawa ne ita kaɗai? In ta ba ki labarin dogon wa'azin fastonsu, ki yi dariya, ki rama mata da na ku. Amma addu'arta da littafinta da gicciyen wuyanta, ki bar mata kayanta, kamar yadda ki ke so ta bar miki naki. Ku kuma iyaye mata, ku kula da irin wasan da a ke yi a tsakar gida, gama abin da yaro ya ji a gindin murhu shi ya ke kaiwa makaranta.

Allah ya ba mu dariya irin ta Saratu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.